Rumbun da Gara Ba Ta Ci

Wace rana ce Abdulhamid magini ya san cewa ƙasar da yake yaɓa wa rumbunan mutane guba ce? Ranar da aka kawo masa takarda? Ko tun shekara ashirin da takwas baya, ranar da ya fara cika mangalar jakinsa a bayan tsohuwar masana'antar hodar kashe ƙwari, ya lura ko tururuwa ba ta ratsa wurin? Babu mai iya faɗa. Shi kansa da za a sa shi ya dafa Alƙur'ani, zai daɗe yana kallon hannunsa kafin ya buɗe baki.

Ranar takardar dai an san ta. Litinin ce, mako biyu bayan an gama jidar gero. Yana saman tsani da hantsi, ya manna ƙirjinsa a jikin rumbun gidansa, yana shafe wata siririyar tsaga da ruwan damina ya bari. Rumbun ya fi ɗakin kwanansa tsayi, ƙaton ciki gare shi kamar tulu, yana zaune a kan duwatsu goma sha biyu da ya zaɓo da kansa daga tsaunin bayan gari. Dami ɗari da arba'in ke ciki. Sai ya ji babur ya tsaya a ƙofar gida.

Mu'awiya ne, malamin gona da ke aiki a Buza, ɗan wani abokinsa da ya rasu.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

"Alaikumus salam. A'a, malamin gona da kansa! Yau kuma wane ƙwaro ya ɓata wa gwamnati rai?"

Mu'awiya ya yi ɗan murmushi, bai kai ga dariya ba. Ya durƙusa ya gaida Furera, matar gidan, ya sha ruwan da ta kawo, ya tambayi lafiyar Nasiba, 'yarsu da ta zo goyon ciki. Sai da mata suka shige ciki sannan ya ce, "Baba, sauko mu zamna. Magana ce ba ta saman tsani ba."

Suka zauna a inuwar rumbun. Mu'awiya ya zaro wata takarda mai hatimi biyu, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa.

"Ka tuna mutanen Yamai da sunka zo bara da fararen riguna, sunka ɗebi ƙasa bayan izin?" Izin shi ne sunan da kowa ke kiran masana'antar da shi. "Ni na raka su. Daga bakin kwatamin da ke bayan izin na ga hanyar jaki, na bi ta da ido, ta miƙe sai garin nan. Ban ce masu komi ba. Amma na karce kaɗan daga rumbun maigari, wanda ka gina, na haɗa masu da shi. Amsa ta zo."

"To?"

"Abin da ke cikin kwatamin shi ke cikin rumbun. Irin hodar da anka hana yi duniya duka ce, Baba. Ba ta mutuwa cikin ƙasa. Tana shiga hatsi kaɗan-kaɗan, ta shiga jiki ta zamna, ba ta fita. Uwa na ba ɗanta ita tun shina ciki, ta ƙara mai da nono."

Abdulhamid ya dubi takardar. Faransanci ne, da wasu lambobi an ja masu layi da jan biro. Ya dubi lakar da ta bushe a bayan hannunsa, ya shiga ɓamɓare ta da farce.

"Wa ta kashe? Nuna min kabari guda."

"Ba irin kisan maciji take yi ba."

"Rumbu sittin da ɗaya na gina da ita, daga Babankatami har Garhanga. Shekarar yunwa kana lakwal wajen karatun boko kana cin shinkafar gwamnati, ba ka gani ba. Duk wanda na gina wa, ya buɗe geron shekara ukku ya iske shi kamar jiya anka zuba. Akwai matar da ta sa wa ɗanta sunana saboda haka. Yau ka zo da jan biro ka ce min mi?"

"Na ce ka ba ni sunayen gidajen. Kuma ka fara da naka. In ni na ce a fasa, za su ce ɗan lakwal ne, bai san gara ba. In kai ka ɗaga diga kan naka, babu mai gardama."

"Su masu izin fa? Su da sunka zuba ta?"

"An neme su. Kamfanin ya mutu tuntuni. Wanda ya saye shi ma ya mutu. Takardu sun nuna wani buro, ofishinsu a ƙasar waje, anka rubuta, wasiƙar ta komo ba a buɗe ba."

"Watau ni kunka samu."

"Ba kama ka anka zo yi ba, Baba."

Abdulhamid ya miƙe, ya dafa tsani. "Ubanka abokina ne, shi ya sa ka sha ruwa gidan nan, gobe ma ka zo ka sha. Amma ba ni fasa shi. Suna ko ɗaya ba ni ba ka."

Mu'awiya ya ninke takardar, ya saƙale ta tsakanin duwatsun gindin rumbu, ya tafi. Da Furera ta tambaya me ya kawo yaron, sai Abdulhamid ya ce mata maganar ƙwari ce.

* * *

Yana ɗan shekara goma aka gina izin, a wani fako gefen hanyar Madawa zuwa Buza. Wasu baƙi ne da wasu manya na Yamai suka haɗa hannu. A lokacin auduga na da daraja, fara kuma ba ta shekara biyu ba ta zo ba, saboda haka hodar kashe ƙwari ta zama kamar gishiri, kowa na nema. Manyan motoci na kawo ganguna masu hoton ƙoƙon kai, a juye cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai juyawa, a gauraya da farar ƙasa, a ɗura a buhuna. Da ya kai shekara ashirin ya shiga, ya yi shida yana ɗinke bakin buhu. Kowace yamma akan ba kowane lebura gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Yawancinsu gida suke kai wa yara. Kowace yamma kuma akan wanke tukunyar da tiyo, ruwan ya bi lambatu ya fita ta ƙarƙashin katanga, ya taru a wani kwatami a baya.

Daga baya auduga ta faɗi. Aka sake sunan da ke kan allon ƙofa, bayan shekara biyu aka ƙara sakewa. Wata safiya suka zo aiki suka tarar an garƙame ƙofa, sai maigadi wanda shi ma bai san komai ba. Babu wanda ya tara su ya ce kada a taɓa kaza, kada a sha kaza. Mutane suka kwashe kwanon rufi, suka cire ƙofofi da tagogi, suka raba gangunan. Aka bar bango huɗu, da tukunyar tana tsatsa, da kwatamin.

Abdulhamid ya koma sana'ar ubansa, ginin rumbu. Sana'a ce mai cin rai. Ka yi wata guda kana ɗora laka zobe bisa zobe, kana jiran kowane zobe ya sha iska, ka rufe, a yaba maka. Kafin damina uku gara ta hau ta gindi ta huda, mai rumbun ya tare ka a kasuwa ya faɗa maka magana gaban jama'a. Ubansa har ya mutu bai daina jin irin wannan maganar ba.

Shekarar da zai auri Furera ruwa ya cika ramin da suke ɗiban laka, ga shi yana son ya gina rumbu kafin amarya ta tare. Sai ya tuna da kwatamin izin, wanda ke kan fako, yana saurin bushewa. Ƙasar wurin laushi gare ta kamar garin alkama, launin ruwan ɗorawa, tana da danƙo, in an jiƙa ta takan yi wani wari tsakanin na tafarnuwa da na kananzir. Ya lura babu ciyawa a bakin kwatamin. Babu kwaɗo, babu sawun tsuntsu, babu gidan tururuwa. Ya lura ƙwarai. Abin da ya ce wa kansa shi ne, abin da ya kori tururuwa zai kori gara.

Ya kuwa kore ta. Ya kori ɓera, ya kori ƙwaron wake. Daga nan duk rumbun da zai gina, yakan yi jikin da lakar garin, ya kawo mangala uku ta bayan izin ya yi gindi da yaɓen ciki da na waje. In an tambaye shi sirrin, ya ce gado ne.

A kwanakin da suka biyo bayan takardar, wannan amsar tasa ce ta riƙa dawo masa. In babu abin ɓoyewa, me ya sa ya ɓoye? Ya ce wa kansa don kada wasu magina su ƙwace masa aiki ne. To me ya sa bai taɓa barin jakinsa ya sha ruwan kwatamin ba? Me ya sa ranar yaɓe yake wanke hannu sau uku da toka kafin ya ci abinci? Amma kuma ai a izin ya shaƙi hodar shekara shida, ga shi nan da ransa, in ban da 'yar karkarwar hannu da ya ɗora wa tsufa. Kuma wane ne mai laifi, wanda ya zuba dafi ya kulle ƙofa ya tafi, ko wanda ya tarar da shi a yashe ya mai da shi abin amfani? In ya kai nan sai ya ji sanyi kaɗan. Sai kuma ya tuna cewa masu izin a wuri ɗaya suka zuba. Shi ne ya bi gida-gida da ita a bayan jaki har rumbu sittin da ɗaya, ana yi masa godiya, ana ba shi fura.

Ya riƙa zuwa masallaci da wuri yana dawowa a makare. Takardar na nan inda aka saƙale ta. Bai ɗauka ba, bai kuma yar ba.

* * *

Kwana tara bayan zuwan Mu'awiya, ya dawo daga sallar azahar, ya zagaya bayan rumbu don ya duba tsagar da ya shafe. A gefen arewa, inda inuwa ke daɗewa, akwai wani wuri daidai ƙugun mutum da ya sha cikewa a shekarun farko. Lokaci-lokaci yakan tarar an ƙwaƙule shi kamar faɗin tafin hannu. Awaki ne ke lasar ƙasa don neman gishiri, haka ya sani. An ma yi shekaru da yawa wurin bai sake ɓulewa ba.

Nasiba ce tsaye a wurin. Ta ba shi baya, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya saboda nauyin wata bakwai. Da ɗaya hannun ta sa farce ta ɓallo ɗan yaɓe kamar ƙwayar gyaɗa, ta jefa a baki, ta jingina kai da rumbun tana tsotsa. Awakin gidan kuwa tun farkon damina suna daji wajen makiyayi, ba su dawo ba.

Ya yi gyaran murya. Ta juyo a firgice, ta ɓoye hannu cikin mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Baba, sannu da dawowa."

"Tofar."

Ta ɗago ta dube shi. Tun tana yarinya bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba.

"Na ce tofar da shi. Ki je ki kurkure bakinki."

Ta tofar, ta wuce sumsum, kunya ta hana ta tambayar dalili. Shi ma kunyar ta hana shi tambayar tun yaushe. Uba ba ya yi wa 'yarsa zancen cikinta. Ya tsaya yana kallon ramin. Sabo ne, ya kai zurfin gaɓar yatsa biyu, ga sawun farce nan a jere.

Ya sami Furera a madafa tana tankaɗe.

"Kin san yarinyar nan na cin ƙasar rumbu?"

"To sai mi? Kwaɗayin ciki ne. Wata gawayi take ci, wata ƙasa. Ku maza komi sai kun mai da shi shari'a." Ta buga gefen rariya. "Ni ta gado."

"Ke?"

Furera ta yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. "Malam, wai har yau kana nan kan awaki? Allah ya ji ƙan jar akuyar nan! Ka yi ta zaginta, ka ɗaure ta, ƙarshe ka kai ta kasuwar Babankatami ka sayar, ni ina ɗaki ina cizon zane kar ka ji dariyata. Ni ce akuyarka. Ƙasar nan in anka yayyafa mata ruwa wani ƙamshi take yi, mai ciki ba ta iya wuce ta."

"Kowane lokaci?"

"Kowane. Ban da na wagga, da nike Tamaske wajen jinyar Inna. Can bangonsu lami ne, na ɗanɗana sau guda na bari. Na yi ta mafarkin rumbun nan har na haihu."

Ciki biyar Furera ta yi. Uku sun zube kafin su kai. Ɗaya ya zo namiji, ya kwana shida, bai kai suna ba. Nasiba kaɗai ta tsaya, ita da aka yi goyon cikinta a Tamaske. An sha rubutu, an yi turare, an ce iska ce, an ce jinin gidansu Furera ne.

Ta ga bai yi dariya ba. Ta ajiye rariyar.

"Malam, lafiya?"

Ya fita, ya zaro takardar daga tsakanin duwatsu, ya dawo ya durƙusa a bakin madafa, wurin da bai taɓa durƙusawa ba. Bai iya karanta ta ba, ita ma haka, amma ya riƙe ta yana faɗa mata abin da Mu'awiya ya ce, bai rage komai ba, har maganar uwa da ɗan cikinta. Ya faɗa mata inda ƙasar ke fitowa. Shekara ashirin da takwas suna tare, yau ta fara ji.

Furera ba ta yi kuka ba. Ta dubi garin da ke cikin ƙwarya, na geron rumbun ne, ta daɗe tana dubansa.

"Ni na ci da hannuna," ta ce. "Ba ka ba ni a baki ba. Wancan na bar wa Allah." Ta share hannu a zane. "Yaushe takardar ta zo?"

"Ranar da yaron ya zo."

"Litinin waccan. Ka ce min maganar ƙwari ce." Ta ƙirga a yatsu, a hankali. "Kwana tara. Kullum da azahar tana zuwa wurin nan, ina kallonta, ina jin daɗi ɗiyata ta biyo ni. Kwana tara, Malam."

Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta tura ta gefe, ta shiga ɗakin 'yarta.

* * *

Da la'asar ya hau tudun bayan gari inda waya ke kama rezo, ya kira Mu'awiya.

"Tambaya guda gare ni, kuma kar ka lallashe ni. Uwar Nasiba ta ci ƙasar rumbun nan duk lokacin da take da ciki, ban da na Nasiba. Huɗu ba su tsaya ba. Ita ce?"

Mu'awiya ya sassauta murya.

"Ban sani ba, Baba. Lokotoro ma, likitan kansa, ba ya iya ce maka e ko a'a. Shina yiwuwa ita ce, shina yiwuwa ba ita ba."

"Ba ranar da za a sani?"

"Babu."

Ya zauna a kan dutse. Da an ce masa e, da ya san abin da zai roƙi Allah gafara a kai. Da an ce a'a, da ya tashi ya tafi gida. Sai ya faɗi maganar Nasiba.

"Innalillahi. A kawo ta gidan likita gobe da safe, ni zan tarbe su. Kar ta sake kusantar rumbun. Kwana nawa tana ci?"

"Ban tambaya ba. Tara daga ciki laifina ne." Ya tsaya. "Ka zo jibi."

Washegari da sassafe Furera ta ɗaure kaya, za su shiga motar Buza, daga can su sauka gidan ƙanwarta. Nasiba ta zo ta durƙusa da ƙyar a gabansa, tana kallon ƙasa.

"Baba, ka yafe min. Ban san ba kyau."

Ya kau da kai. "Tashi. Ba ki yi komi ba." Furera ta wuce su da ƙunshi a ka, ba ta dube shi ba, ta ce akwai sauran tuwon dawa a tukunya, na gidan maƙwabta ne.

Ya cire hular rumbun ya shiga ta sama, ya fara miƙo dammuna. Ɗanlami, maƙwabcinsa kuma taubashinsa, shi ke karɓa a kan tsani.

"Wai tsufa ne ko aljanun izin sunka kama ka? Mutum ya zuba gero jiya-jiya, yau ya kwashe?"

Abdulhamid ya faɗa masa daga cikin rumbun, muryarsa na amsa kuwwa.

Ɗanlami ya buga tumbinsa. "Biyu ka gina min. Mu goma sha ɗaya muke ci, dubi dafin nan yadda ya ramar da ni! Kai dai ka ji maganar 'yan takarda. To in ka fasa, ka bar min ɓaraguzan, akwai ɗakin da gara ta dame ni."

"Za a mai da su inda sunka fito."

"Asara! Wallahi asara."

"Ɗanlami, matar ɗanka na da ciki, ko?"

"Mi ya kai ka nan, tsohon banza?"

"Je ka duba rumbunanka ta gefen inuwa. Daidai ƙugu."

Ɗanlami ya yi tsaki, ya sauka yana mita, ya tafi. Ya daɗe. Da ya dawo ya hau tsani ya miƙa hannu. Har suka kwashe dami ɗari da arba'in bai sake yin wasa ba. Waɗanda suka taɓa bango suka ware su gefe guda, sauran suka tara a tsakar gida. Zanar da ke gidan ba ta isa shimfiɗa ba, rabi a kan ƙasa suka kwana.

* * *

Mu'awiya ya iso da hantsi, ya ɗauro buhunan zuba ɓaraguzai a bayan babur, da littafi a aljihu. Ya ce an duba Nasiba, bugun zuciyar ɗan yana nan, an ɗebi jini an aika Yamai, sai a jira. Ya miƙa wa Abdulhamid takunkumin hanci da safar hannu ta roba.

Abdulhamid ya juya safar yana dubawa. Shekara ashirin da takwas yana kwaɓa ƙasar nan da hannu da ƙafa tsirara. Ya sa, yatsunsa na karkarwa a ciki.

Za shi ɗauko diga sai idonsa ya faɗa kan dammunan da suka kwana a ƙasa. A jikin na can ƙasa akwai wasu siraran layuka na jar laka, ɗanyu, sun hau zangarniya uku. Ya tsuguna. Ya sa yatsa ya ɗan fasa ɗaya, farare ƙanana suka watse, nan take suka dawo suna toshewa. Rabon da ya ga gara a gidansa tun yana ango.

"Dare guda," ya ce.

"Akwai buhunan ajiya da ƙwari ba su shiga, Baba. Na rubuta a aiko."

"Yaushe za su zo?"

"Na rubuta," in ji Mu'awiya, yana kallon wani wuri.

Abdulhamid ya gyaɗa kai. Ya bar garar da aikinta, ya tashi. Suka yi ta watsa wa rumbun ruwa da bokiti don kada ƙura ta tashi, har launinsa ya yi duhu. Warin nan ya taso, tsakanin tafarnuwa da kananzir, wanda Furera ta kira ƙamshi. Mutane sun fara taruwa a bakin danga. Ɗanlami na cikinsu, ya harɗe hannu a baya.

Ya zagaya gefen arewa. Ya ɗora bakin digar a cikin ramin, a kan sawun farcen 'yarsa, kamar mai gwada awo. Sannan ya ɗaga ya sara. Yaɓen ya tsage, amma bangon bai motsa ba. Ya gina shi da kyau.

"Fiddo littafinka," ya ce ta cikin takunkumi. "Rubuta. Abdulhamid, ɗaya."

Ya sake sara. Wani ɓangare kamar faifai ya ɓalle ya faɗa ciki, haske ya shiga rumbun.

"Ɗanlami, biyu. Maigari, ɗaya. Babankatami, gidan Sidi mai shanu, ukku." Ya tsaya ya huta a kan ƙotar digar. "Garhanga akwai wata mata, Saude. Ɗanta mai sunana ne. Ita ni zan je in faɗa mata."

Mu'awiya na rubutawa. Abdulhamid ya ɗaga digar a karo na uku. A bayansa, a tsakar gida, jar lakar ta hau zangarniya ta huɗu.